Yadda muka bi lambun gidanmu shuka bayan shuka saboda ɗan kwikwiyo

Gidan da muke zaune a Jos tsohon gini ne na zamanin haƙar kuza, can wajen hanyar Bukuru, irin gidajen nan masu rufin kwano da faffaɗan fili gaba da baya. Duk wanda ya zauna a cikinsa kafin mu ya dasa abin da ransa ke so, ya tafi ya bari. Ƙasar Filato kuwa ba ta ƙin shuka. Tudu ne mai tsayin kimanin mita 1,200, ga sanyi, ga ruwan sama tun daga Afrilu har Oktoba, abin da zai ƙi kamawa a Kano ko Sakkwato, a nan ko jefar da shi ka yi sai ya tsiro. Haka muka tarar da lambu cike maƙil, muka ci gaba da ba shi ruwa muna jin daɗin kallonsa.

Da ɓarayi suka matsa wa unguwarmu da haura katanga, sai na yanke shawarar ajiye kare na gadi. Na samo ɗan kwikwiyo baƙi wuluk, yara suka sa masa suna Duna. Ni a fahimtata, tun da addini ya ba da damar ajiye kare don tsaro, to ranar da ka kawo shi gidanka haƙƙinsa ya hau wuyanka: cinsa, shansa, lafiyarsa. Da ya kai wata uku na kai shi allurar rigakafin ciwon haukan kare. Likitar dabbobin tana cikin rubuta katinsa ta ɗago kai ta ce, "Alhaji, me da me aka shuka a gidan?"

Na ce, "Likita, furanni ne kawai da 'yan itatuwa."

Ta ce ai furannin take tambaya. Ta yi mini bayani cewa daga yanzu har ya kai wata shida ko bakwai zai riƙa famfarar haƙora, dasashinsa na yi masa ƙaiƙayi, duk abin da ya samu sai ya tauna. Babban kare yakan shinshina abu ya wuce, kwikwiyo kuwa da baki yake sanin duniya, ga jikinsa ƙarami, ɗan abin da babba zai ci ya yi amai ya warware shi yana iya kai shi lahira. Ta ce in koma gida in ɗauki hoton kowace shuka in turo mata ta WhatsApp, kafin nan kuma kada Duna ya wuce baranda.

Akwai wani dattijo da ke zuwa yi mana aikin lambu, mutumin Du, ya shafe rayuwarsa yana gyaran furanni a gidajen unguwar. Shi na jawo muka fara zagaye tun daga bakin ƙofa, muna bin jikin katanga. Kowace shuka sai na ɗauke ta gaba ɗaya daga nesa, sannan in matso in ɗauki ganye gaba da baya, in ɗauki fure, in ɗauki 'ya'ya in akwai, domin hoton kore zalla daga nesa ba ya gaya wa kowa komai. Baba kuma yana biye da ni yana karya ɗan reshe yana duba abin da zai fito. Ya ce, "Maigida, duk wadda ka ga ta yi farin ruwa mai danƙo, a yi hattara da ita." Wannan ƙa'ida tasa ta taimaka ƙwarai, amma ba ta kama kowa ba. Gwanda ma tana farin ruwa, ga shi muna shan 'ya'yanta, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fi haɗari a gidan ba ta da farin ruwan ko ɗigo.

Zurma ke nan. Tana can bayan ɗakin ajiya ta yi tsayi ta wuce kaina, ba wanda ya shuka ta, ba wanda ya taɓa kula ta. Na tsinko kwanso ɗaya mai ƙaya-ƙaya na fasa a tafin hannuna: ƙwaya uku, masu santsi da sheƙi, ruwan ƙasa da zane-zanen baƙi, kowace da ɗan farin tsiro a kai. Abin sha'awa ne a ido, kuma daidai bakin kwikwiyo. A cikin wannan ƙwaya gubar da ake kira risin take, wadda ke hana ƙwayoyin halittar jiki ƙera furotin, sai su mutu. Idan an haɗiye ƙwayar ba a fasa ba, tana iya wucewa da sauƙin illa, to amma kare taunawa yake yi. Mugun halinta shi ne ba ta nuna kanta nan take. Sai an yi awoyi da yawa, wani lokaci har kwana ɗaya ko biyu, sannan amai da zawo mai jini su taso, lokacin kuwa guba ta riga ta shiga jiki, kuma ba ta da makari, sai dai ƙarin ruwa da tallafa wa jiki. Idan hunturu ya shigo kwanson yakan bushe ya fashe da kansa ya watsa 'ya'yan nesa da gindin. Da muka durƙusa muka duba ƙasa, ga su nan birjik a cikin busasshen ganye har kusa da famfo.

Uwargida ta ce to ai man zurma magani ne, ana sha ana shafawa. Gaskiyarta. Gubar ba ta bin mai, a cikin tunkuzar take zama. Shi ya sa likita ta ja kunnena cewa kada in yarda a kawo mini takin da aka haɗa da tunkuzar zurma, domin karnuka na son ƙanshinsa, kuma an sha samun waɗanda suka mutu ta wannan hanya.

Daga zurma sai ɗan'uwanta bini-da-zugu, wanda aka yi shinge da shi a gefen yamma. Kowa ya san shi, da shi ake raba gonaki, yara na busa kumfa da ruwansa. 'Ya'yansa baƙaƙe ne, ba su da ɗaci, shi ya sa yara ma kan ci su kwana suna amai da gudawa. A jikin wannan shinge kuma muka ga idon zakara ya nannaɗe, kwansonsa ya buɗe, 'yan jajayen ƙwayoyin nan masu ɗigon baƙi suna leƙowa. Gubarsa dangin ta zurma ce, har ta fi ta ƙarfi. Abin da ya tsaya mini a rai a ranar shi ne, ni da na shiga lambu ina zargin furannin Turawa, ukun farko da aka yanke wa hukunci duk 'yan gida ne, waɗanda na tashi ina gani tun ina yaro. Zaƙami ma mun same shi a gindin bola da farin furensa mai kama da kakaki. Wannan ba sai an tambayi likita ba, wanda ake wa laƙabi da haukata-yaro ba zai bar kare ba.

Da amsar likita ta fara shigowa, sai ta haɗa wasu guda huɗu wuri ɗaya ta ce waɗannan zuciya suke kamawa. Akwai oliyanda, mai dogon siririn ganye da furanni ruwan hoda, wadda ta yi layi a bakin hanyar mota. Akwai wata mai furanni rawaya da 'ya'ya kore masu kusurwa, wadda ake yawan yin shinge da ita a makarantu da ofisoshi, sunanta tebetiya. Akwai tumfafiya guda ɗaya da ta fito a inda aka zubar da ɓaraguzan gini. Sai ƙariya. Dukkansu suna ɗauke da sinadarin da ke rikita bugun zuciya, ya rage shi ko ya sa shi tsalle-tsalle, kuma ba ganye ba, ba fure ba, ba saiwa ba, ko'ina akwai. Oliyanda ko ta bushe gubarta na nan, ruwan da aka jiƙa reshenta a ciki ma guba ne.

A kan ƙariya aka yi doguwar magana a gidanmu. Ta uwargida ce, a babbar tukunya a bakin ƙofar falo, gindinta ya yi ƙiba, furanninta ja da fari, shekaru tana lallaɓa ta. Ta ce, "Alhaji, yanzu saboda kare za a raba ni da fulawata?" Ban ga laifinta ba. Baba ne ya sa baki, ya ce, "Hajiya, wannan da kike gani, mutanen da da ita suke haɗa dafin kibiya, da ita ake kashe kifi a ruwa." Ta yi shiru. Muka yi tunanin ɗora tukunyar a kan wani abu mai tsayi, amma ƙariya tana zubar da fure da ganye, kuma ƙasa za su faɗo. A ƙarshe aka sa ta a mota aka kai wa ƙanwarta da ba ta da dabba ba ta da ƙananan yara, tana zuwa tana ganin abarta.

Wadda ta fi ba ni ciwo ita ce saikas, mai kama da gajeren dabino, ganyenta kore shar mai tauri, guda biyu a gaban gida hagu da dama. Masu sayar da fulawa a bakin titi suna tsuga mata kuɗi, kuma a Abuja da wuya ka shiga babban gida ko otal ba ka gan ta ba. Likita ba ta yi wata-wata ba a kanta. Ta ce hanta take lalatawa, 'ya'yanta sun fi ko'ina guba, karnuka na son su, kuma kare yakan fara da amai ya yi kamar ya samu sauƙi, bayan kwana biyu ko uku idonsa ya yi rawaya, jini ya ƙi daskarewa. Ko an kai asibiti da wuri ba duka ke tashi ba. Na tambaya ko za a iya kewaye su da waya. Ta ce, "Alhaji, kare ne na gadi, dare za ka sake shi kana barci. Cire su." Na cire.

Ba duk abin da ke da illa muka tumɓuke ba, kuma ina ganin nan ne mutum ke buƙatar mai ilimi a kusa, in ba haka ba tsoro zai sa ya mayar da gidansa fili fetal. Difenbakiya, mai faffaɗan ganye da ɗigon fari da ake ajiyewa a falo, da sauran furanni dangin gwaza, abin da ke cikinsu wasu 'yan ƙananan allurai ne na gishirin okzalet. Duk wanda ya taɓa ɗanɗana ɗanyen gwaza ya san wannan ƙaiƙayi. Kare na tauna su bakinsa zai ɗau zafi, ya riƙa dalalar da miyau yana ƙwaƙular baki da ƙafa, yawanci zafin ne ma ke hana shi ci da yawa. Waɗannan mun mayar da su ɗakin da ba ya shiga. Alobera tana sa gudawa, ta koma kan katangar bayan kicin. Albasar kwaɗi, mai farin fure da ke fitowa farkon damina, mun haƙe kawunanta saboda Duna gwanin tono ne kuma a kan ne gubar ta fi taruwa. Lantana, mai 'yan furanni kala-kala a dunƙule da ta cika gefen hanyoyin Jos, mun sare ta saboda ɗanyun 'ya'yanta. Ita kuwa foyinsetiya, wadda ke yin ja jawur lokacin Kirsimeti har ta zama itace a nan Jos, sunanta ya fi aikinta muni. Ɗan ɓacin ciki ne da ƙaiƙayin baki, muka rage mata rassan ƙasa muka bar ta.

Sai ƙerana. Duk wanda ya zaga ƙauyukan Filato ya ga yadda ake kewaye gida da gona da ita, tsayayya mai ƙaya, ba akuyar da ke ratsa ta. Ita ce iyakarmu ta baya, ta girmi katangar gidan, kuma ba tawa ba ce ni kaɗai balle in sare. Haɗarinta a farin ruwanta yake, yana ƙona fata, idan ya shiga ido yana iya makantarwa. Muka kafa turaku muka ja wayar kaji taku biyu daga jikinta, muka binne gindin wayar a ƙasa don kada ya tona ya wuce.

Wayar nan ita muka zagaya da ita har ɗan lambun kayan miya. Ganyen tumatir da ɗanyensa, da dankalin Turawa da ya yi kore ko ya fara tsiro, duk suna da guba iri ɗaya, mu kuwa a Jos dankali buhu-buhu muke ajiyewa, wanda ya tsiro a watsar a filin baya. An daina. Akwai kurangar inabi a jikin tankin ruwa, ita ma an kewaye ta, domin inabi da zabibi suna kashe ƙodar kare, kuma wani karen kaɗan ya ishe shi. Amma wanda ya fi shafar kowane gida shi ne albasa da tafarnuwa. Suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanye ko dafaffe ko soyayye duk ɗaya, kuma abin taruwa yake yi a hankali. Sai bayan 'yan kwanaki ka ga kare ya yi laushi, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi duhu. To mu da me muke ciyar da karnukanmu? Ragowar tuwo da miya, ragowar dafa-duka, romon da aka zuba wa albasa son rai. Wannan ya sa aka canja tsari a kicin: ana ɗebar wa Duna nasa kafin a haɗa da miya, a dafa masa da ƙashin nama ko kan kifi daban.

Ranar tumɓuka mun fara da sassafe kafin rana ta yi zafi. Baba ya zo da yaransa biyu, na saya musu safar hannu ta roba mai kauri, kowa ya sa riga mai dogon hannu, mai saran tebetiya da tumfafiya kuma na ba shi tabarau, don ruwan na fantsama idan adda ta sauka. Kafin a taɓa zurma da bini-da-zugu sai da muka shimfiɗa buhuna a ƙasa muka tsinke kwansunan da hannu ɗaya bayan ɗaya, domin in ka sare itacen da 'ya'yansa a kai ka shuka shi ne da kanka. Bayan nan aka share wurin, aka kankare saman ƙasar da shebur aka kwashe. Oliyanda ta ba da wahala. Saiwarta ta yi nisa, kuma idan ka bar kututture sabon toho zai fito, sai da aka sa diga aka bi ta har ƙasa. Saikas biyun wani mai sayar da fulawa ne ya zo ya haƙe su da ƙasarsu ya tafi da su, na kuma gaya masa dalilin cire su don ya gaya wa mai saye.

Da tarin ya haɗu a tsakar gida, ɗaya daga cikin yaran ya ce a bari ya sha iska a cinna masa wuta. Ban yarda ba, don hayaƙin oliyanda shi ma yana cutarwa, ga maƙwabta ga yara. Jefawa bayan katanga kuma ba hanya ba ce. Awakin unguwa na kiwo a nan, shanun Fulani na wucewa, ganyen oliyanda kaɗan ke kayar da saniya, ka ga ka tsare naka ka kashe na wani. Muka haƙa rami mai zurfi a can ƙarshen fili, bayan wayar da muka ja, muka daddatse rassan muka zuba, muka rufe da ƙasa muka danne da duwatsu. Buhun 'ya'yan zurma da idon zakara shi ya fara shiga can ƙasa. Kowa ya wanke hannu da sabulu kafin a kawo abinci, addunan ma aka wanke.

Gaban gidan ya yi fayau, har na ji ba daɗi da na tsaya ina kallo. Mun cike gurbin da wardi, wanda yake son sanyin Jos, da furen rana, da ziniya, da ɗoɗɗoya a bakin kicin, da zogale a inda zurma take. Yanzu idan na tsaya wajen masu fulawa, sai na ɗauki hoto na tura kafin in biya kuɗi. Su masu sayarwar ba mugunta suke yi ba, sana'arsu kyau da saurin kamawa, ba wanda ya taɓa tambayarsu zancen guba.

Likita ta kuma koya mana abin yi idan duk da haka ya ci wani abu, na tara mutanen gidan har mai gadi na maimaita musu. Kada a ɗura masa manja, kada a ɗura madara, kada a ba shi ruwan gishiri don ya yi amai. Na san manja shi ne abin da hannu ke fara kaiwa gare shi a ƙasar nan, amma ba ya kashe guba, kuma idan kare ya shaƙe shi ya shiga huhu an ƙara wata cutar a kan wata. Gishiri mai yawa kuwa shi kansa guba ne. A cire abin da ya rage a bakinsa, a ɗauraye bakin da ruwa, in farin ruwan shuka ne ya shiga ido a yi ta zuba ruwa mai tsabta kamar minti 15. Sannan a tsinki reshen abin da ya ci, in ya yi amai a ɗebi aman a leda, a lura da lokaci, a nufi asibiti ko da yana wasansa garau, domin awa biyun farko su ne lokacin da likita zai iya sa shi amai ya ba shi gawayin asibiti ya tsotse gubar. Mu a Jos mun yi sa'a ta wannan fanni, ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Jos a cikin gari, ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa a Vom da take nan tun 1924. Lambar likita tana rubuce a jikin ƙofar kicin. A wannan zagayen ne kuma muka kwashe shinkafar ɓera da kwalbar fiya-fiya daga ƙasan ɗakin ajiya muka sa a kabad mai makulli.

Saura guda ɗaya da ba a hannuna take ba. Maƙwabcina na gabas yana da bini-da-zugu da ya yi tsayi ya leƙo ta kan katanga, 'ya'yansa na faɗowa cikin gidana. Na je na same shi bayan la'asar muka gaisa, na ce, "Malam, wata alfarma na zo nema." Na yi masa bayani, na ƙara da cewa jikokinsa ma suna wasa a gindin. Ya ce shingen na mahaifinsa ne ba zai cire ba, amma ya amince Baba ya riƙa rage rassan da suka tsallako kafin su yi 'ya'ya, su kuma za su riƙa share nasu ɓangaren. A haka muka tsaya.

Da ruwan farko ya sauka a Afrilu, zurma ta dawo. 'Ya'yan da suka ɓuya a ƙasa suka tsiro ko'ina a bayan ɗakin ajiya, har da inda muka kankare, kowanne da faffaɗan ganye biyu da jan kara. Oliyanda ma ta yi toho a wuri ɗaya da saiwa ta tsere wa diga. Baba ya nuna wa yara yadda tsiron zurma yake, da na zaƙami, yanzu duk Asabar da safe kafin a saki Duna sai an bi jikin katanga an tuge abin da ya fito, tun yana ƙarami ana iya cire shi da yatsa biyu. Baba ya ce za a yi damina biyu ko uku ana wannan kafin ƙasar ta ƙare abin da ta ajiye.